Fiffiken da Ya Riƙe Lasisin Kawu

"Ni dai na ce miki ba fito ba ne," in ji Kawu. "Kukan ƙuruciya ne. In sun girma murya za ta buɗe."

"Malam, tun ina budurwa nake kiwon agwagi," Inna matarsa ta ce, tana ɗauraye baho a bakin famfo. "Ban taɓa jin agwagwar da ta yi fito kamar yaron mota ba. Tambayi ɗanka, ga shi nan zaune."

Kawu ya juyo ya dube ni, irin kallon mai neman shaida. Ni ɗan ƙanwarsa ne, shagon ɗinkina yana kallon gidansa, kuma kusan kullum a tsakar gidan nake shan shayin safe. Kafin in buɗe baki, 'yan agwagin nan shida suka miƙa dogayen wuyansu daga bayan akurki suka saki fito, siriri, kashi uku a jere. Uwar da ta ƙyanƙyashe su, wata tsohuwar agwagwar gida mai jar fuska, ta ja da baya tana kallonsu kamar ba ta san su ba.

"Kawu," na ce, "gaskiya fito ne."

"Kai ma ka bi bayanta."

Inna ta yi dariya, ta goge hannu da gefen zani, ta ce in ara mata almakashina kafin in buɗe shago. Na ɗauko na ba ta ban tambayi dalili ba. Kawu kuwa hankalinsa yana can bayan akurki.

Kawu makanikin injin ban ruwa ne. Shagonsa ɗaki ɗaya ne a jikin gidan, cike da tiyo da bel da gwangwanayen noti, ga benci da baƙin mai ya rine shi har ba a gane kalar katakon. Amma ba da injin aka san shi ba. In ka shigo layinmu ka ce kana neman makanike, sai a tambaye ka wanne. In ka ce Mai Lasisi, yaro ƙarami ma zai kai ka.

Shi ya ba ni tarihin da bakinsa, ba sau ɗaya ba, yana kwance inji ina riƙe da kofin shayi. Yana yaro mahaifinsu ya ɗora shi a kan rumfa a gonar shinkafa ta bakin tafki, aikinsa korar tsuntsaye. Wuni guda yana kaɗa gwangwani, ba abokin hira sai su. A nan ya koyi muryar kowanne, ya san wanda ke zuwa da sanyin safiya da wanda ke jiran rana ta karkata. Da ya tasa sai yayansa ya fara tafiya da shi farauta, da yayan ya rasu bindigar ta dawo hannunsa.

"A lokacin," yakan ce, "in kirinjijiya ta tashi daga tafki sai ka ɗauka hadari ne ya taso. Muka yi ta ɗiba. Masu raga suka zo, masu fitila suka zo, har da masu zuba guba a hatsi. Wata shekara na je na zauna tun asuba har hantsi, abin da ya gifta ta kaina bai cika kwando ba."

Kirinjijiya ita ce agwagwar daji mai farar fuska da dogayen ƙafafu, wadda ba ta kuka irin na agwagwa sai fito.

Da hukuma ta kawo dokar farauta, mafarauta da yawa suka yi ta gunaguni. Kawu kuwa shi ne na farko a layi ranar da aka buɗe tagar yankan lasisi. Tun daga nan bai taɓa bari ya ƙare a hannunsa ba, kuma ba a taɓa rubuta masa ko gargaɗi ba. A cikin wata 'yar jakar fata yake ajiye shi a aljihun ƙirji. Ko a asibiti aka ce ya kawo katin shaida, lasisin farauta yake miƙawa, sai ma'aikaciya ta juya shi ta ce, "Baba, nan ba a harbi." Daga nan sunan ya bi shi.

Dokar kuwa a kansa take. Ba a farauta daga faɗuwar ruwan farko har sai 'ya'yan tsuntsaye sun iya tashi. In an buɗe, akwai adadin da aka yanke wa mutum a rana, ko da sama ta cika. Gauraka da shamuwa da zalɓe ba a taɓa su ko yaushe. Ba raga, ba fitila, ba guba, ba harbi kusa da gidaje ko daga jirgin ruwa mai inji. Bindiga a akwatin ƙarfe mai kwaɗo, harsashi a wani wuri dabam. Saurayin da duk ya zo neman ya koya masa harbi, sai ya zaunar da shi a bencin nan ya biya masa wannan karatu tukuna. Da yawa ba sa dawowa.

To mutumin da ke wannan tsantseni shi ne ya shigo da ƙwan kirinjijiya gida a cikin hularsa. Da damina ne. An kira shi gyaran inji a wata gona kusa da tafki, tarakta na huɗa a gefe. Direban bai ga sheƙar da ke cikin ciyawa ba. Uwar ba ta tsira ba, ƙwai kuwa suna nan da ɗuminsu, hankaka har ya fara shawagi. Kawu ya kwashe su, ya zo ya tura a ƙarƙashin agwagwar Inna da ke kwanci. Shida suka ƙyanƙyashe.

Ba wai bai taɓa jin sashen dokar da ya hana ɗaukar ƙwai da ajiye tsuntsun daji a gida ba. Kowace shekara ana karanta shi a taron mafarauta, yana gyaɗa kai a sahun gaba. Amma a zuciyarsa wannan sashe na masu keji ne, waɗanda ke tsayawa bakin titi suna sayar da tsuntsaye. Shi duk tsaronsa a kan kisa yake. Bai taɓa kawowa a ransa cewa mai ceto ma yana iya taka doka ba, sai da 'yan agwagin suka yi gashi suka fara fito. Ga shi lokacin sabunta lasisi ya zo, kuma kafin a buga hatimi malamin daji yakan zo gida ya duba akwatin bindiga. Akwatin kuwa yana ɗakin da tagarsa ke kallon akurki.

"A kai su gidan yayata su kwana biyu," in ji Inna a safiyar nan.

"Gidan da jikoki suka fi kaji yawa? Kafin azahar gari ya ji."

"To a ƙure rediyo."

"Mutumin nan kunnensa ya fi nawa. Tare muka taso."

Kawu ya yi ta juya kofi a hannu. Can ya tashi, ya shiga ɗaki ya sako rigarsa ta zuwa taro, ya ce mini, "Tayar da babur ɗinka. Ofis za ka kai ni."

Ofishin gandun daji ɗaki biyu ne a bayan asibitin dabbobi. Fanka na juyawa tana ƙara, a kusurwa an tara ragar da aka ƙwace da kejuna marasa kowa, a bango ga babban hoton tsuntsaye, an ja jan layi a kan waɗanda aka hana. Malamin daji yana bayan tebur, tabarau a kan hanci. Benci ɗaya suka zauna da Kawu a firamare, kuma tun daga lokacin ba su daina tsokanar juna ba.

"A'a, Dodon Agwagi! Ba ni ne zan zo gidanka ba? Ko kewata ce ta hana ka barci?"

"Mai Kaki, ƙara na kawo."

"Ƙarar wa?"

Kawu ya ciro jakar fatar, ya zaro lasisin ya shimfiɗa a kan tebur. "Mai wannan."

Ya ba da labari tun daga tarakta har zuwa fiton safiyar nan. Malamin daji ya yi ta dariya har sai da ya cire tabarau ya share ido. "Kai! Shekara da shekaru ina fakon ka a bakin tafki ban samu ba, ashe a bayan akurkin matarka zan kama ka."

"Ba kama ni ka yi ba, da ƙafata na zo."

"Da babur ɗin yaro dai." Sai ya mayar da tabarau, fuskarsa ta canza. Ya nuna kejunan da ke kusurwa. "Ka ga waɗancan? Duk wanda na karɓe wa, cewa yake tsinta ya yi, tausayi ne ya sa ya ɗauka. In na kau da kai a kanka, gobe me zan ce musu?"

"Ban ce ka kau da kai ba."

"To saurara. Wanda ya ceci tsuntsu doka ta ba shi hanya. Ya kawo rahoto, a ba shi takardar riƙo, ya sake shi da zarar ya iya tashi. Kai ka makara da rahoto, saboda haka gargaɗi zan rubuta maka, na farko a rayuwarka, kuma zan ji daɗin rubuta shi. Lasisinka yana nan. Sharaɗi ɗaya ne: ba a ɗaure su ba, ba a taɓa musu fiffike ba. In an yanke fiffike, doka ta ɗauke shi kiwo, kiwon tsuntsun daji ba izini kuwa, lasisi ya tafi."

Kawu ya sauke ajiyar zuciya, har ya fara murmushi. Ni kuwa sai na tuna wani abu. Jiya da yamma ɗaya daga cikin 'yan agwagin ta yi tsalle ta hau katanga. Inna kuwa duk tsuntsun da ya nuna alamar zai tsallaka ya shiga lambun maƙwabta, rage masa fiffike take yi, kaza ko agwagwa ko zabo. Haka take yi tun kafin a haife ni.

"Kawu," na ce a hankali, "Inna ta karɓi almakashina da safe."

Ya dube ni. Ya dubi malamin daji. Ya laluba aljihu ya ciro waya ya kira, tana ta ringi ba a ɗauka ba, don wayar Inna kullum a kan firiji take kwana take wuni.

Ban taɓa gudu da babur irin na ranar ba. Kawu a bayana yana riƙe da hula da hannu ɗaya yana cewa in ƙara wuta, shi da kullum yake mini faɗan gudu. Malamin daji na biye da mu a kan nasa. Muka faɗa gidan ko sallama ba mu gama ba.

Inna na zaune a kan kujera 'yar tsugune, agwagwa ɗaya matse a tsakanin gwiwoyinta, ta baza mata fiffike, almakashi a buɗe.

"Tsaya!" in ji Kawu.

Ta tsaya. Amma a ƙasa kusa da ƙafarta akwai gashi baƙi-baƙi a zube, can gefe kuma wata tana tafiya tana karkata, fiffikenta na dama guntu.

"Lafiya kuka shigo kamar an biyo ku?"

Malamin daji ya durƙusa ya kama mai guntun fiffiken, ya buɗe ya duba, ya girgiza kai. Kawu ya zauna a bakin rijiya. Ni na yi wa Inna bayani. Ta saurara har na gama, ta ajiye almakashi a cinya.

"To ai ni na yanke, ba shi ba. Ni kuwa ba ni da lasisin da za ka ƙwace."

"Matarmu, gidan nasa ne."

"Gidan nasa, agwagin nawa. Kuma gashi na yanke, ba ƙafa ba. Fitowa zai yi."

"Sai baɗi, in ta yi sabon gashi."

"Wa ya gaya maka? In an bar guntayen ne sai baɗi. In an tuge su daga tushe, jiki ya san babu, sabo yake turowa. Sau nawa na yi wa tantabarun ƙanena?"

Malamin daji ya dubi Kawu. Kawu ya ɗaga kafaɗa, wato shi wannan ba fanninsa ba ne. Malamin ya daɗe yana shafa haɓa, sannan ya yanke magana. Ba zai ƙwace lasisin ba, ba kuma zai sabunta shi ba. Zai kwana a aljihun teburinsa har ranar da wannan agwagwa ta tashi a kan idonsa. In lokacin farauta ya fita ba ta tashi ba, dole ya aika da rahoto sama, daga nan kuma magana ta fi ƙarfinsa.

"Ka yarda, Dodo?"

"Na yarda."

"Matarmu, ba ni almakashin nan in riƙe."

"Na tela ne. Ka tambaye shi."

A ranar, bayan likitan dabbobi ya leƙo ya ce ba laifi, Inna ta tuge guntayen ɗaya bayan ɗaya, tana lallashin agwagwar kamar jaririya, ta shafa mata magani. Ba da jimawa ba sauran biyar suka ƙosa, aka kai su tafki aka sake su, suka tafi ko waiwaye babu. Ta shidan ta rage a gida. Yaran layi suka sa mata suna Hajiya Mai Hatimi.

Aka buɗe farauta. Da asuba daga shagon Kawu ana jin ƙarar bindiga can nesa, tim, tim. Sai ya ɗaga kai daga kan inji ya ce, "Wannan Dogo ne, ya yi gaggawa, bai samu ba." Abokansa in sun dawo sai sun biyo ta layinmu da gangan, su tsaya a ƙofar shago. "Mai Lasisi, ina lasisin?" "Yana hutu." "Mai jego fa, ta samu lafiya?" Shi dai sai ya yi dariya ya ce su matsa suna tare masa haske. Wani cikinsu ya taɓa ce masa ya zo su tafi kawai, wa zai sani. Kawu ya ce, "Ni zan sani," ya ci gaba da ɗaure noti.

Kowace safiya kafin ya sha shayi sai ya kama agwagwar ya buɗa fiffiken a rana. Da farko ba komai sai fata. Daga baya wasu 'yan tsinke masu shuɗi-shuɗi suka ɓullo, suka yi ta tsawo, bakinsu ya fashe gashi ya fito. Ya riƙa kawo mata ciyawar ruwa da 'yan dodon koɗi daga gonakin da yake zuwa gyara. Inna ta ce tun da aka kawo ta gidan bai taɓa kula da ita haka ba. Ya ce ita ai ba ta riƙe masa lasisi.

Sanyi ya fara ja da baya, kwanakin farauta suna ƙarewa, sai wata safiya muka ga Hajiya Mai Hatimi a kan rufin shago tana gyara gashi. Kawu ya daskare.

"Kada kowa ya yi motsi. In ta tafi Mai Kaki bai gani ba, na shiga uku."

Inna ce ta watsa dusa a tsakar gida ta yi kiran da take wa agwaginta, ta sauko da kanta. Aka sa ta a kwando aka rufe da tsumma.

A bakin tafki muka tarar da malamin daji ya riga mu, yana zaune a kan babur. Kawu ya ajiye kwando a kan ciyawa ya ɗaga tsumman. Agwagwar ta fito, ta miƙe wuya, ta dubi ruwa, ta dubi sama, sannan ta tako ta zo ta tsaya a kan takalmin Kawu.

"To fa," in ji malamin daji. "Ni tashi na ce, ba zumunci ba."

Kawu ya kaɗa hula, ta matsa kaɗan ta dawo. Ya tafa hannu, ta karkata kai tana kallonsa. Malamin daji ya duba agogo da gangan ya ce yana da taro. Sai Kawu ya ce mu ja da baya mu yi shiru. Ya tsuguna, ya haɗa tafin hannu a baki, ya yi fiton nan kashi uku, irin wanda ya koya a kan rumfar gonar shinkafa. Daga cikin ciyayin tsakiyar tafki aka amsa. Ya sake yi, aka sake amsawa, sai ga wani garke ya taso ya bi ta kanmu ƙasa-ƙasa yana fito. Agwagwar ta ɗaga kai ta amsa musu, ta yi gudu kaɗan a kan ciyawa, ta buɗe fukafukai biyu cif, ta ɗaga. Ta ɗan karkata dama, ta gyara, ta bi su har muka kasa bambance ta da sauran.

"Ka gani?" in ji Kawu.

"Ban gani sosai ba, rana ta shige mini ido."

"Mai Kaki!"

Malamin daji ya yi dariya, ya ciro lasisin daga jaka, ya ɗora a kan kujerar babur, ya hura wa hatimi iska ya danna. A bayan takardar ga gargaɗin nan da jan biro. Kawu ya karanta shi a hankali, ya ce Mai Kaki rubutun ma bai iya ba tun firamare, ya ninke ya sa a jakar fata, ya mayar aljihun ƙirji ya dafa.

"Gobe da asuba ke nan," in ji malamin. "Ka yi sauri, kwanakin sun kusa ƙarewa."

"Gobe ina nan. Dinya zan nema, manyan agwagin nan masu nauyi."

"Kirinjijiya fa? Doka ta ba ka."

"Doka ta ba ni, Inna ba ta ba ni ba. Yaya zan gane ta a cikinsu? In na kawo wadda ta ci dusarta, a shago zan kwana."

Muna cikin haka wani manomi ya ɗago hannu daga can gefen gonar albasa yana kira, wai injinsa tun jiya yake tari ba ya jan ruwa. Kawu ya miƙo mini kwandon ya ce in mayar wa Inna, in kuma karɓi almakashina in ɓoye inda ba za ta gani ba. Ya zaro sifana daga aljihun wando, ya naɗe hannun riga, ya bi kunyar gona ya nufi wajen injin.